WA KE DA IKON TURA SOJA? TAMBAYA DAGA KAFANCHAN ZUWA MAJALISAR ƊINKIN DUNIYAR GIDA

Duk wanda ya san ƙasar nan ya san Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Tun wajen shekarar 1927, lokacin da layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya haɗu a nan da na Kaduna da kuma reshen da ya hau tsaunukan Jos, garin ya zama mahaɗar jama'a da kaya da labari. Ta wannan layi ne ake bi daga Kaduna zuwa Makurɗi da Inugu, saboda haka a zamanin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, mutanen Kafanchan ba su bukaci a ba su labarin yaƙi ba, gama yana bi ta ƙofar gidansu.

Mutanen kudancin Jihar Kaduna sun san soja ta fuska biyu. Sun san shi a matsayin ɗansu na cikinsu, domin yankin ya daɗe yana ba ƙasar nan mayaƙa, tun daga kurtu har Janar. Sun kuma san shi a matsayin baƙon da ya tare hanya da buhunan yashi, yana tambayar inda aka fito da inda za a. Wanda ya san soja ta waɗannan fuskoki biyu yana da haƙƙin ya yi tambaya: shin wa ke da ikon tura shi, kuma wa ke da ikon cewa ya isa haka?

ABIN DA TSARIN MULKI YA CE

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya naɗa Shugaban Ƙasa Babban Kwamandan Askarawa, amma bai sakar masa linzami duka ba. Sashe na 5, ƙaramin sashe na 4, ya hana shi ya ƙaddamar da yaƙi a kan wata ƙasa sai Majalisar Dattijai da ta Wakilai sun zauna a zaure guda sun amince. Ya kuma hana a tura ko da soja ɗaya zuwa fagen fama a wajen Nijeriya sai da yardar Majalisar Dattijai tukuna. Wannan sharaɗi ba sabo ba ne, yana nan tun cikin Tsarin Mulkin 1979 wanda Alhaji Shehu Shagari ya yi mulki da shi.

Amma an bar wata 'yar ƙofa saboda gaggawa. Ƙaramin sashe na 5 ya ce idan Shugaba ya tabbata tsaron ƙasa na fuskantar hatsari na kusa, yana iya shawartar Majalisar Tsaron Ƙasa ya tura mayaƙa waje su yi aiki taƙaitacce. Sai dai dole cikin kwana 7 da fara fafatawa ya nemi yardar Majalisar Dattijai, ita kuwa tana da kwana 14 ta ce i ko a'a.

Hikimar wannan tsari a fili take. Yaƙi ɗan zamba ne, mai fara shi bai san ƙarshensa ba. Jinin da za a zubar na 'ya'yan talakawa ne, kuɗin da za a kashe na baitulmalin jama'a ne, don haka bai kamata shawarar ta tsaya a ƙirjin mutum guda ba, komai hankalinsa. Ko a zamanin da, sarakunan ƙasar Hausa ba su cika ɗaura yaƙi su kaɗai ba. Kano tana da majalisar nan da ake kira Tara ta Kano, Zazzau kuma tana da Madaki da Galadima da Wambai da Dallatu, waɗanda sarki mai hankali ba ya tsallake shawararsu.

LOKACIN DA BABU MAI TAMBAYA

Tarihinmu ya nuna abin da ke faruwa idan babu mai tambaya. A ƙarshen 1902 Gwamna Lugga ya shirya yaƙin Kano ba tare da ya sanar da iyayen gidansa na Landan yadda ya kamata ba, har ma'aikatar da ke kula da ƙasashen mulkin mallaka ta fara jin ƙishin-ƙishin daga jaridu. 'Yan majalisar Ingila sun yi ta tambaya, amma kafin su gama, Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato kuma ran 15 ga Maris. Bayan haka aka yi shekaru ana aika 'yan ƙananan rundunoni su murƙushe mutanen duwatsun Kagoro da maƙwabtansu, bisa shawarar Razdan da D.O., ba tare da wata majalisa ta auna laifi da horo ba.

Zamanin mulkin soja ma haka abin yake. Yaƙin basasa ya fara a watan Yuli 1967 ba majalisa a ƙasar. A 1990 Janar Ibrahim Babangida ya tura mayaƙanmu Laberiya ƙarƙashin rundunar ECOMOG, daga baya Janar Sani Abacha ya tura su Saliyo suka mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan kujerarsa a 1998. Ko da mutum yana ganin alheri ne aka yi wa maƙwabta, ba zai musa ba cewa an yi shekaru ana zubar da jini da dukiya, ba wanda ya tsaya gaban wakilan jama'a ya ba da lissafi. Ɗaya daga cikin kwamandojin ECOMOG a Laberiya, Janar Ishaya Bakut, ɗan kudancin Kaduna ne. Haka kuma Janar Martin Luther Agwai, wanda ya yi aiki a Saliyo ya kuma shugabanci rundunar kiyaye zaman lafiya a Darfur daga 2007 zuwa 2009.

Ko a mulkin farar hula an taɓa ganin linzami ya kuɓuce. A 1983 sojojin Chadi suka shiga wasu tsibirai a Tafkin Chadi. Manjo Janar Muhammadu Buhari, wanda ke riƙe da runduna ta uku a Jos, ya kore su, ya kuma bi su cikin ƙasarsu fiye da inda Shugaba Shagari ya so. Kafin shekarar ta ƙare, sojojin sun kifar da gwamnatin Shagarin da majalisarta baki ɗaya.

RANAR DA MAJALISA TA JA BURKI

Babban gwajin da aka yi wa sashe na 5 ya zo ne a 2023. Ran 26 ga Yuli sojojin fadar Yamai, ƙarƙashin Janar Abdurrahman Tchiani, suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Ran 30 ga wata shugabannin Ƙungiyar Tattalin Arzikin Afirka ta Yamma, watau ECOWAS, suka taru a Abuja ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Ahmed Tinubu, suka ba sojojin mako guda su mayar da shi ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe kan iyaka, aka yanke wutar lantarkin da Nijeriya ke ba Nijar.

A farkon Agusta manyan hafsoshin tsaron ƙasashen ƙungiyar suka zauna a Abuja don tsara yadda aikin zai kasance. Wanda ya shugabanci zaman shi ne Babban Hafsan Tsaron Nijeriya na lokacin, Janar Christopher Gwabin Musa, ɗan Zangon Kataf da aka haifa a Sakkwato. A nan ne mai karatu zai ga yadda zaren ya sarƙe: ɗan kudancin Kaduna, haifaffen birnin Shehu, shi aka ɗora wa tsara yaƙin da, in da an yi shi, da Illela da Jibiya da Maigatari ne za su fara jin ƙarar bindiga.

Shugaban Ƙasa ya aika wa Majalisar Dattijai takarda yana bayyana matakan ECOWAS, har da shirin amfani da soja. 'Yan majalisar na Arewa suka fito fili suka ce ba su yarda ba, suna tuna wa gwamnati cewa jihohin Kabi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Barno su za su ɗauki zafin abin. Ran 5 ga Agusta, bayan zaman sirri, Majalisar ta shawarci Shugaban da ya ƙarfafa hanyar sulhu da siyasa. Shugabanta, Sanata Godswill Akpabio, ya bayyana cewa Shugaban Ƙasa bai nemi izinin shiga yaƙi ba. Ko ma dai mene ne, saƙon ya isa inda aka aike shi. Malamai da sarakuna suka yi ta kai da kawowa tsakanin Abuja da Yamai, ba a harba harsashi ko ɗaya ba, kuma a watan Fabrairun 2024 aka ɗage yawancin takunkumin.

Ba za a ce Majalisa kaɗai ta hana yaƙin ba, amma ta ba muryar mutanen Katsina da Maraɗi, waɗanda uwa ɗaya uba ɗaya suke, wurin da doka ta tilasta a saurare ta. Sauran lokuta kuwa Majalisar ba ta yi gardama ba. A Janairun 2013 ta amince wa Shugaba Goodluck Jonathan ya tura soja 1,200 zuwa Mali. A Janairun 2017 Shugaba Buhari ya tura jirage da mayaƙa saboda rikicin Gambiya, wasu sanatoci suka yi kukan ba a tambaye su ba. A Disamban 2025, da wasu sojoji suka yi yunƙurin kifar da Shugaba Patrice Talon na Jamhuriyar Benin ran 7 ga wata, jiragen yaƙinmu suka kai ɗauki nan take, Majalisar Dattijai ta ba da yardarta ran 9 ga wata, watau bayan an riga an yi aikin.

ƘOFAR DA BA TA DA SAKATA

To, wannan duk maganar waje ce. Amma mutumin Kafanchan zai ce: ni sojan da na sani ba a Yamai ko Banjul yake ba, yana nan a mararrabar garinmu. Shi wa ya ba da izinin zuwansa, kuma har yaushe?

Ran 6 ga Maris 1987 wata taƙaddama ta addini ta tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan, ta fantsama cikin gari, ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Aka fito da soja, aka kafa kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte. A watannin Fabrairu da Mayu 1992 Zangon Kataf ta kama da wuta, aka sake fito da soja, aka kafa kotun Mai Shari'a Okadigbo wadda ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa, hukuncin da daga baya aka mayar ɗauri. A waɗannan lokuta biyu soja ne ke mulki, shi ke yin doka, shi ke zartarwa, shi ke naɗa alƙali. Babu wakilin jama'a da zai ɗaga hannu.

Aka dawo mulkin farar hula a 1999, amma fitina ba ta kwanta ba. A Afrilun 2011 rikicin bayan zaɓe ya ci ɗaruruwan rayuka a Zonkwa da Kafanchan da ƙauyukan kewaye, kasuwar Kafanchan ta ƙone. A ƙarshen 2016 hare-hare suka tsananta a ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf, har Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa dokar hana fita dare da rana. A 2017 aka aza harsashin sabon sansanin soja a yankin, aka kuma ƙaddamar da atisayen Harbin Kunama na biyu. An kuma sa wani ɓangare na yankin ƙarƙashin rundunar haɗin gwiwa mai hedkwata a Jos, wadda ta buɗe reshe a Kafanchan. Yaron da aka haifa a shekarar rikicin zaɓe ya tashi yana ganin shingen soja kamar yadda yake ganin itacen mangwaro.

Duk wannan an yi shi ba tare da wata ƙuri'a a Majalisar Tarayya ba. Tun 1999 ba a taɓa kafa dokar ta-ɓaci a kudancin Kaduna ba. Ita dokar ta-ɓaci, bisa sashe na 305, tana da sakata: sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun amince, kuma tana mutuwa bayan wata 6 in ba a sabunta ba. Amma tura soja cikin gida ba da sunan ta-ɓaci ba, wannan yana ƙarƙashin sashe na 217 ne, wanda ya ce soja na iya taimaka wa hukumomin farar hula su maido da oda idan Shugaban Ƙasa ya kira su, bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta shimfiɗa a cikin doka. Sashe na 218 ya ƙara ba Majalisar ikon tsara yadda Shugaban zai yi amfani da matsayinsa na Babban Kwamanda.

Watau Tsarin Mulki ya miƙa wa Majalisa alƙalami ya ce ta rubuta sharuɗɗan. Dokar Sojoji da ake dogara da ita kuwa, asalinta dokar soja ce mai lamba 105 ta shekarar 1993, kuma ta bar wa Shugaban Ƙasa ikon yanke yadda za a yi amfani da mayaƙa ba tare da ta sa masa wa'adi ko ta tilasta masa komawa gaban Majalisa ba. Kotuna sun taɓa jan kunne a kan wannan giɓi. A Janairun 2015 Babbar Kotun Tarayya da ke Sakkwato ta yanke cewa ba za a fito da soja aikin zaɓe ba sai da dokar Majalisa.

Sakamakon shi ne wani abu mai ban mamaki. In Shugaba yana so ya tura soja goma su tsallaka iyaka su yi faɗa a Birnin Ƙonni, sai ya nemi sanatoci 109. In kuwa bataliya guda zai girke a Kafanchan shekara goma, ba ya bukatar izinin kowa.

BA DON A ƊAURE HANNUN SOJA BA

Wani zai ce, ai mahara ba sa jiran Majalisa ta zauna. Gaskiya ne. Mutumin da aka kai wa hari da tsakar dare a Godogodo ko Goska ba muhawara yake nema ba, ɗauki yake nema. Hasali ma, kukan da aka fi ji daga kowane ɓangare a kudancin Kaduna, Kirista da Musulmi, manomi da makiyayi, shi ne jami'an tsaro sun makara, ko sun zo sun karkata gefe guda. Amma wannan kuka kansa hujja ce ta neman sa idon Majalisa. Dokar da ta tilasta wa gwamnati ta faɗi soja nawa ta tura, ina, don me, har yaushe, kuma nawa aka kashe, ita ce za ta ba wakilin jama'a damar tambayar dalilin da ya sa ba a gan su ba ranar da ake bukatarsu.

Jihar Kaduna ta ga ɗaya gefen ma. A Disamban 2015 a Zariya, arangamar soja da mabiya Malam Ibrahim Zakzaky ta kai ga binne mutum 347 a rami guda, kamar yadda aka shaida wa hukumar binciken da gwamnatin jihar ta kafa. Ran 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 85 aka binne. Sanatoci sun ba da albashinsu na wata guda, Naira miliyan 109, don taimakon waɗanda abin ya shafa. Alheri ne, Allah ya saka. Amma jama'a ba don jaje suka zaɓe su ba, don yin doka ne.

Wasu ƙasashe sun riga mu. Amurka, bayan ɗacin yaƙin Biyetnam, ta yi doka a 1973 duk da ƙin Shugaba Nixon, wadda ta ce Shugaba ya sanar da majalisa cikin awa 48 in ya tura mayaƙa fagen fama, ya kuma janye su bayan kwana 60 in ba a amince ba, ko da yake shugabanninta sun sha zagaye dokar. A Ingila, a Agustan 2013, majalisa ta ƙi amince wa Firayim Minista David Cameron ya kai hari Siriya, da ƙuri'a 285 a kan 272, ya kuwa haƙura. Amma misalan da suka fi dacewa da mu suna nan Afirka. Tsarin Mulkin Kenya na 2010 ya ce ba za a tura soja kwantar da tarzoma a cikin ƙasa ba sai da yardar majalisa. Na Afirka ta Kudu ya ce duk sa'ad da Shugaba ya fito da soja su taimaki 'yan sanda, lalle ya sanar da majalisa ba da jinkiri ba, ya faɗi dalili da wuri da yawan mayaƙa da tsawon lokaci.

ABIN DA YA RAGE

Majalisarmu ba ta rasa makami ba. Ita ke zartar da kasafin kuɗi, ko kwabo ba ya fita sai da yardarta. Sashe na 88 ya ba ta ikon bincike. Ita ke tantance manyan hafsoshi kafin a tabbatar da su. A 2017 Majalisar Dattijai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sanata Kabiru Gaya don duba kashe-kashen kudancin Kaduna. Sai dai kwamiti yakan zo ya wuce, doka ce ke zama.

Abin da ake bukata ba mai wuya ba ne. A bar wa Shugaba ikon kai ɗauki cikin gaggawa, amma ya sanar da Majalisa cikin 'yan kwanaki. A sa wa kowane aikin soja na cikin gida wa'adi, in ya cika a dawo a nemi sabuntawa da ƙuri'ar da za a ƙidaya, kowane wakili a san inda ya tsaya. A tilasta ba da rahoton rayukan da aka rasa, na soja da na farar hula, da hanyar biyan diyya. A kuma faɗi ranar da 'yan sanda da kotuna za su karɓi aikinsu, domin soja yana iya raba faɗa, amma ba ya raba gardamar gona ko ta sarauta. Wannan aikin zama ne a kan tabarma, irin wanda wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Kachiya da Sanga da Zangon Kataf suka yi har suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan a watan Maris 2016.

A Agustan 2023 wakilan jama'a sun nuna suna iya tsayawa tsakanin Babban Kwamanda da kan iyaka. Mutanen Kafanchan da Zonkwa da Kagoro, da ma na Birnin Gwari da Zurmi da Gwoza, suna da haƙƙin su tambayi nasu wakilan, a duk sa'ad da suka dawo gida neman ƙuri'a, yaushe za su rubuta sharuɗɗan da sashe na 217 ya ɗora musu tun 1999. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.